Faifan butleg na mawaƙan altanatif rok

Butleg faifai ne ko kaset mai ɗauke da waƙar da mai ita bai taɓa fitarwa ba: wasan da ya yi a dandali wani ya naɗa a ɓoye, ko gwajin da ya yi a ɗakin naɗar waƙa ya sulale waje. Kalmar ta Turanci ce, asalinta wuyan dogon takalmi, inda 'yan fasa-ƙwauri suke cusa kwalbar giya. Ya bambanta da satar fasaha da aka saba gani a kasuwa, wadda ake kwafar faifan da ya riga ya fito a sayar da araha, ya kuma bambanta da jabu, wanda ake kwaikwayon kwali da tambarin kamfani. Mai sayen butleg galibi ya riga ya mallaki duk abin da mawaƙin ya fitar, ƙari yake nema.

Sana'ar ta kafu a kiɗan rok a 1969, lokacin da wasu matasa a Los Angeles suka buga Great White Wonder, tarin waƙoƙin Bob Dylan da ba a fitar ba, cikin farin kwali babu ko suna. A ƙarshen shekarar aka naɗi wasan Rolling Stones a Oakland, kuma a farkon 1970 Greil Marcus ya yi sharhinsa a mujallar Rolling Stone kamar kowane halastaccen faifai. Daga nan sharhin butleg ya zama fanni mai zaman kansa. Kundin Hot Wacks na ƙasar Kanada ya shafe shekaru yana jera su, yana ba kowanne maki bisa kyan sautinsa.

Kakar butleg ta zo daidai da tashen altanatif rok, wato salon rok da ya taso a wajen babbar kasuwar waƙa, a farkon shekarun 1990. Faifan CD ya kori kaset, ƙaramar na'urar naɗar sauti ta DAT ta ba ɗan kallo damar naɗar wasa daga aljihun rigarsa, sannan dokokin Italiya da Jamus suna da giɓi game da wasan da baƙon mawaƙi ya yi a dandali. Kamfanoni irin su Kiss The Stone da Great Dane a Italiya suka dinga buga wasannin Nirvana da Pearl Jam da R.E.M. cikin kwali mai sheƙi, a tura Amurka, inda ƙananan shaguna suke ajiye su a layin kayan waje, a kan kuɗin da ya kusan ninka na faifan kamfani. Wannan laƙabi na "kayan waje" shi ya rikita masu saye, don akwai faifan waje na halas. Kamfanonin Japan sukan ƙara waƙa ɗaya ko biyu a bugunsu don kada 'yan ƙasar su karkata ga bugun Amurka mai rahusa, su naɗe kwalin da siririyar takarda da ake kira obi. Hormoaning na Nirvana, mai waƙa 6, a Ostireliya da Japan kaɗai ya fito a 1992, kuma da izinin ƙungiyar. Aikin farko na mai sharhi shi ne ya faɗa wa mai karatu wanne ke hannunsa.

Mai sharhin faifan kamfani kan tambaya ko waƙa ta yi daɗi. Na butleg yana farawa da asali: daga ina sautin ya fito? Wanda aka ja kai tsaye daga teburin injiniyan sauti yakan fito tangaran amma a bushe, ihun jama'a can nesa. Wanda aka naɗa daga rediyo yana da tsabta, sai dai gidan rediyon ya yanke wasu waƙoƙi ko mai gabatarwa ya yi magana a kan kiɗa. Na cikin taro kuwa sai sa'a: wani lokaci shi ne mafi rai, wani lokaci abin da za ka ji na minti goma shi ne mutumin da ke kusa da makirufo yana rera waƙar da muryar da ba ta da daɗi. Ana kuma ƙirga zuriyar kaset, don duk kwafi daga kwafi yana ƙara shuu, yana cinye kaifin kiɗa. Idan na'urar ta yi gudu fiye da ƙima, muryar mawaƙi takan siranta, mai kunne ya gane nan take. Kwali kuma ba abin yarda ba ne: kwanan wata na ƙarya, garin da ba a yi wasan ba, sunayen waƙa na shaci-faɗi. Waƙar da Nirvana ta rera a Chicago ranar 23 ga Oktoba 1993 ta yi shekaru tana yawo da sunan "On a Mountain" ko "Autopilot", sai a 2002 ta fito a hukumance da sunanta "You Know You're Right". Jerin Outcesticide, wanda ya fara fitowa a 1994 bayan rasuwar Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, shi ne inda masoya da yawa suka fara jin gwaje-gwajensa, shekara 10 kafin akwatin faifai na hukuma With the Lights Out na 2004.

Doka ta toshe giɓin da sauri. A 1993 Kotun Turai ta goyi bayan Phil Collins a ƙarar da ya kai wani kamfanin Jamus da ke sayar da wasansa na California, a 1994 kuma Amurka ta mayar da cinikin irin wannan naɗi laifi. Amma abin da ya fi karya kasuwar shi ne mawaƙan da kansu. A 2000 Pearl Jam ta naɗi rangadinta, ta fitar da wasanni 72 tsakanin 2000 da 2001, kusan kowanne CD biyu a kwali marar ado, ta kira su butleg na hukuma. Biyar daga cikinsu suka shiga jadawalin Billboard 200 na faifan da suka fi kasuwa a Amurka a mako guda. Ƙungiyar Fugazi ta fara ɗora rumbun wasanninta sama da 800 a intanet a 2011. Masu naɗi kuma suka koma musaya kyauta, suna raba fayil na FLAC, wanda ba ya rage ingancin sauti, tare da bayanin makirufo da na'urar da aka yi amfani da su, suna ƙyamar duk wanda ya sayar ko ya matse sautin zuwa MP3.

A Yunin 2019 aka yaɗa ba da izini ba sa'o'i da dama na naɗin da Thom Yorke, mawaƙin Radiohead, ya adana a ƙananan faifai na MiniDisc daga lokacin da ƙungiyar take haɗa kundin OK Computer. Ƙungiyar ta ɗora su a shafin sayar da waƙa na Bandcamp a kan fam 18 na tsawon kwana 18, ta ba ƙungiyar kare muhalli ta Extinction Rebellion kuɗin.