Waiwaye: Gidan katako a Japan da girgizar ƙasa

Kafintocin Japan na da ba sa binne ginshiƙin gida mai rufin yumɓu. Suna ɗora shi ne a kan dutse, su huda ginshiƙin, su zura katakon da ake kira nuki ya ratsa ginshiƙai da dama, sannan su matse da guntun itace mai tsini. Wannan dabara ta bazu ne tun ƙarshen ƙarni na 12, lokacin da aka sake gina haikalin Todaiji a Nara, kuma babbar ƙofarsa ta kudu ta 1199 tana nan tsaye. Bango kuwa saƙar gora ce da aka yaɓe da laka mai karan shinkafa. Idan ƙasa ta motsa, gidan ya yi lilo, mahaɗai su cije, yaɓe ya tsage ya shanye ƙarfin.

Girgizar ƙasa ta 1923 a Kanto, yankin da Tokyo take, wadda ta kashe mutum fiye da 100,000, ta sauya tunani. A 1924 aka fara shigar da lissafin girgiza cikin dokar gini, dokar 1950 kuma ta ƙayyade yawan bangon da ya wajaba ga gidan katako, aka ƙara shi a 1981. Hukuma ta zaɓi gida mai tauri: harsashin kankare da katakon tokare daga kusurwa zuwa kusurwa.

Girgizar ƙasa ta birnin Kobe ce ta fallasa inda laifin yake. Ta auku ranar 17 ga Janairu 1995, ta yi sanadin rasuwar sama da mutum 6,400, akasarinsu a ƙarƙashin gidajen da suka rufta. Rufin ya yi nauyi ƙwarai, don ana shimfiɗa laka kafin a jera fale-falen yumɓu saboda guguwa. Gindin ginshiƙai ya ruɓe ko gara ta cinye shi. Gefen da ke kallon titi duk ƙofa ne da taga, babu bango, sai gida ya murɗe, bene ya danne ɗakin ƙasa. Inda aka kafa tokare da ƙusa biyu ko uku, fizgewa ya yi.

Bai dace a ɗora wa tsohuwar sana'a laifin duka ba, domin yawancin waɗannan gidaje ba su bi ta sosai ba, ba su kuma cika sabuwar doka ba.

Gyaran dokar gini na shekarar 2000 ya wajabta ɗaure mahaɗai da ƙarfe, raba bango daidai a kowane gefe, da zaɓen harsashi gwargwadon ƙarfin ƙasa. Mai son ɗora ginshiƙi a kan dutse yau galibi sai ya gabatar da lissafin injiniya na musamman, abin da ke cin lokaci da kuɗi.