Tambayoyi da amsoshi kan barkwancin talabijin na Birtaniya mai kalmar sara

Duk wanda ya ji na daɗe a Ingila kuma ina son wasan barkwanci, tambayoyin nan ne yake jero mini, musamman sababbin zuwa. Bakina ya gaji da maimaitawa. Ga amsoshin wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wane irin shiri ne wannan?

Shirin rabin awa ne da aka yayyanka gajerun wasanni, kowanne minti ɗaya zuwa uku. Mutanen ciki su ne dai kowane mako, kuma kowa da kalmarsa da ba ya fashin faɗa, ita ce kalmar sara. Iyakarsa ke nan.

Waɗanne ne suka fi shahara?

The Fast Show na Paul Whitehouse da Charlie Higson, wanda ya fara a tashar BBC Two a 1994. Sai Little Britain na Matt Lucas da David Walliams, wanda ya taso daga rediyo ya shiga talabijin a 2003. Sai The Catherine Tate Show a 2004. Akwai wasu, amma a kan waɗannan uku ake yawan musu.

Ba maimaici ba ne kawai? Ina abin dariya a maganar da ka riga ka san za a faɗa?

Wannan tambayar ta fi kowacce ɓata mini rai, domin masu yin ta su ne ke zama a gidan biki suna jiran amshi. Mawaƙi zai zaga, ya yi kirari, ya ja baiti, kowa ya san inda 'yan amshi za su karɓa, kuma babu mai cewa an maimaita. Daɗin yana cikin jiran. Haka kalmar sara take aiki a waɗannan wasanni. Ita kanta ba abin dariya ba ce, hanyar da aka bi aka iso gare ta ce ke sa dariya.

Ɗauki Lou da Andy na Little Britain. Andy yana kan keken guragu, Lou yana ɗawainiya da shi da zuciya ɗaya. A shago Andy zai nuna abu ko dubansa bai yi ba, ya ce “I want that one”, wato waccan nake so. Lou zai lallaɓa shi, ya tuna masa cewa ba ya son irinta, Andy ya kafe. Ana saye ya ce ba ya so. A wurin ninƙaya kuwa, Lou ya juya baya yana yi wa ma'aikacin wurin bayanin yadda za a saka Andy cikin ruwa a hankali. A bayansa Andy ya miƙe, ya hau can ƙololuwa, ya yi tsalle ya faɗa ruwa, ya fito ya koma kan kekensa jiƙe sharkaf kafin Lou ya waiwayo. Mai kallo ya san sirrin da Lou bai sani ba, kuma kowane mako yana jiran ya ga ta wace ƙofa za a ɓullo. Wanda bai ga wannan ba, bai kalla da kyau ba.

Sabon abu ne?

A'a. Tun 1939 shirin rediyon BBC mai suna ITMA na Tommy Handley yake cike da irin waɗannan kalmomi, kuma da su mutanen Birtaniya suka riƙa zolayar juna a lokacin yaƙin duniya na biyu.

To me ya sa wasu suka tsane shi haka?

Dalili biyu ne, kuma ku daina cakuɗa su. Na farko zargin lalaci. Ana cewa marubuci ya samu kalma ɗaya ya kwanta a kanta, a buga ta a riga da kofin shayi a sayar. Ricky Gervais ya caccaki wannan a shirinsa Extras, inda jarumin ya samu ɗaukaka da wasa mai kalmar sara alhali shi kansa yana jin kunyarsa. Akwai gaskiya a zargin. Zuwa zango na uku na Little Britain, wasu wasannin ba su da sauran hanya, kalmar kawai ake jefowa tare da ƙazanta. Malaman makaranta ma sun sha fama, domin yaro ya ji abu daren jiya, da safe duk aji ya ɗauka.

Na biyu ya fi nauyi: wa ake yi wa dariya? Vicky Pollard ta Little Britain yarinya ce 'yar talakawa, marar tarbiyya, mai zuba magana ba numfashi, har aka nuna ta musanya jaririnta da faifan waƙa. Waɗanda suka ƙirƙire ta maza biyu ne da suka yi makarantun kuɗi. Sunanta ya zama abin da jaridu ke kiran 'yan matan unguwannin talakawa da shi. Wannan ya dame ni tun lokacin, har yau kuma yana damuna.

Kalmar sara tana kuɓuce wa mai ita. A ƙarshen shekarun 1980, zamanin Margaret Thatcher, Harry Enfield ya fito da Loadsamoney, mai aikin filasta da ke kaɗa damin kuɗi a fuskar mutane yana fariya. Ya yi shi ne don ya kunyata masu haɗama. Sai ga masu haɗamar sun ɗauke shi gwarzo, suna kaɗa nasu kuɗin suna faɗin kalmarsa. A 1989 Enfield ya kashe shi da kansa.

Gaskiya ne an haramta Little Britain?

Ba a haramta ba, ku daina yaɗa wannan. A watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, manhajojin kallo na BBC iPlayer da Netflix da BritBox suka sauke shi saboda wasannin da fararen 'yan wasan suka shafa baƙi suka fito a matsayin baƙar fata. Lucas da Walliams sun nemi gafara. A 2022 BBC ta dawo da shi bayan an yanke wasu sassa.

Wai har firaminista ya taɓa shiga?

E. Tony Blair, a shirin tara sadaka na Comic Relief na 2007. Ya mayar wa Lauren, 'yar makarantar da Catherine Tate ke fitowa a matsayinta, kalmarta “Am I bovvered?”, wato ka ga alamar na damu?

Ina aiki a Ingila, abokan aikina suna jifan juna da waɗannan kalmomi. In shiga ciki ko in kame bakina?

Nan kam sai mun bi a hankali, ɗan'uwa, domin babu amsa ɗaya. Da farko ka kwantar da hankalinka. Yawancin lokaci ba da kai ake ba, kuma rashin ganewarka ba gazawar Turancinka ba ce. Waɗanda suka girma da shirye-shiryen nan yanzu sun haura talatin, wasu sun kai hamsin, yarintarsu suke tunawa. Matasan cikinsu ma da yawa ba su san asalin kalmomin ba.

Wasu kalmomin ba su da illa. “Computer says no”, kwamfuta ta ce a'a, ta fito ne daga Carol Beer ta Little Britain, ma'aikaciyar banki da za ta ɗan danna madannai ba tare da ta saurare ka ba, ta faɗi kalmar, ta yi maka tari a fuska. Wannan ta shiga harshen yau da kullum, kuma da hukuma marar tausayi ake yi, ba da wani mai rauni ba. Idan na'urar ofis ta ƙi aiki ka faɗe ta, za a yi dariya, wataƙila ma ka samu aboki. Haka “Scorchio” ta The Fast Show ranar da aka yi zafin rana.

Amma ya danganta da inda kake aiki. 'Yan'uwanmu da yawa suna aikin kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Idan a nan kake, kada kalmar Andy ta fito daga bakinka, ko da wani ɗan ƙasa ya faɗa a gabanka an yi dariya. Wasan ya ginu ne a kan mai naƙasar ƙarya, kuma masu naƙasar gaskiya a ƙasar sun daɗe suna kukan ana yi musu kallon maƙaryata. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya ta faɗe ta a ɗakin cin abinci, wani dattijo a kan keke ya ajiye cokalinsa ya sunkuyar da kai, bai ƙara ci ba. Ba ta nufi sharri ba, na tabbata, amma abin ya riga ya faru. Ka sani kuma akwai dokar daidaito ta 2010 da ta hana cin zarafi a wurin aiki kan launin fata ko naƙasa, kuma cewa wasa kake yi ba lallai ya fisshe ka ba. Ɗan ƙasa yana iya sha da gargaɗi, kai da takardar zamanka ke rataye da aikin kana da abin asara fiye da shi.

Idan kuma kai ake kwaikwayo, ana ja maka murya irin ta wasannin da aka sauke, ba dole ne ka yi dariya don a zauna lafiya ba. Ka ja mutumin gefe ka gaya masa sau ɗaya cikin natsuwa. Sau da yawa hakan ya isa. In bai isa ba, ka rubuta rana da abin da aka faɗa, ka kai gaba. Shawarata dai, wata ukun farko ka saurara kawai. Ka lura wa ke faɗa, wa ke dariya, wa ke yin shiru. Bayan nan kai da kanka za ka san wadda za ka ɗauka.

Da wanne zan fara kallo?

The Fast Show, kuma ba tare da yara ba, domin akwai batsa a wasu wuraren. Ka nemi Rowley Birkin, tsohon lauya da Whitehouse ke fitowa a matsayinsa. Yana zaune gefen murhu da kofi a hannu, yana gunaguni ba a jin komai sai kalma ɗaya nan, ɗaya can, a ƙarshe ya ce ai lokacin ya bugu ƙwarai. Ka kalli guda biyar ko shida a jere har ka saba. Sannan ka kalli wanda yake ba da labarin wata mace da ya so a ƙuruciyarsa ya rasa ta. Gunagunin nan ne dai, kalmar nan ce dai a ƙarshe, amma idonsa ya cika da ƙwalla, kuma masu kallo a ɗakin ɗaukar shirin suka yi tsit.