Tambayoyi da Amsoshi kan Jagorantar Masu Binciken Haɗin Bakin Kamfanoni

Wane irin laifi ne tawagogin hukumomin kare gasa a kasuwa suke bincike?

Laifin shi ne kamfanonin da ya kamata su yi gasa da juna su haɗa baki a asirce, su tsayar da farashi ɗaya, ko su raba kasuwa a tsakaninsu, ko su rage yawan kayan da suke fitarwa domin farashi ya tashi, ko kuma su shirya tun kafin a buɗe tayin kwangila wanda zai ci da waɗanda za su shiga don cika lissafi kawai. Amurka ta haramta wannan tun 1890 da dokar da ake kira Dokar Sherman, kuma a can ana iya ɗaure mutum har shekara 10 a kansa. A Tarayyar Turai tara ake ci, wadda za ta iya kai kashi 10 cikin 100 na cinikin da kamfani ya yi a duniya cikin shekara.

Idan farashi ya tashi lokaci guda a wajen kowa, ai hujja ta samu ke nan?

Ba ta samu ba. Idan kuɗin mai ya ƙaru ko darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, kowane mai kaya zai ƙara farashi ba tare da ya yi magana da kowa ba, kuma doka ba ta hana ɗan kasuwa duba farashin maƙwabcinsa. Abin da kotu take nema shi ne shaidar yarjejeniya: wa ya gana da wa, a ina, me suka shirya. Shugaban tawaga na ƙwarai ya san cewa ƙorafin jama'a da matsin lambar 'yan siyasa dalilai ne na fara dubawa, amma ba su isa a gurfanar da kowa ba.

To, tunda a ɓoye ake yin abin, ta ina ake samun bakin zaren?

Mafi yawan manyan shari'o'in daga cikin gida aka tona su, domin sai bango ya tsage ƙadangare kan shiga. Hukumomi suna da tsarin afuwa: kamfanin da ya riga kowa zuwa ya fallasa haɗin bakin, ya kuma miƙa hujjoji, ana yafe masa tara gaba ɗaya, waɗanda suka biyo baya ragi kawai suke samu. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta gyara nata tsarin a 1993, Tarayyar Turai ta kafa nata a 1996.

Shari'ar kamfanonin ƙera manyan motoci a Turai ta nuna yadda abin yake aiki. Daga 1997 zuwa 2011 suna daidaita farashi a tsakaninsu, har sai da kamfanin MAN ya kai rahoto. A Yulin 2016 aka ci Daimler da Volvo/Renault da Iveco da DAF tarar da ta kai kusan Yuro biliyan 2.93, MAN kuwa bai biya komai ba. Scania ya ƙi sasantawa, aka ci shi Yuro miliyan 880 a 2017. A Afirka ta Kudu ma haka aka kama masu haɗa baki kan farashin burodi: Premier Foods ya ba da haɗin kai ya tsira, Tiger Brands ya biya kusan Rand miliyan 99 a 2007.

A ganina, nan ne babban aikin shugaba yake. Ba wanda zai zo ya tona asirin kansa sai ya tabbata cewa hukumar tana cika alkawari, tana riƙe sirri, kuma tana iya kama shi ko da bai zo ba. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya rasa, tsarin afuwa ya zama rubutu a takarda kawai.

Su wane ne a cikin tawagar, kuma me shugaba yake yi kullum?

Akwai lauyoyi, da masana tattalin arziki, da ƙwararrun da ke tono bayanai daga kwamfuta da wayoyin hannu, wani lokaci da tsofaffin jami'an 'yan sanda. Sau da yawa ra'ayinsu yakan saɓa: masanin tattalin arziki ya ga alamar maguɗi a alƙaluma, lauya ya ce alƙali ba zai karɓi wannan ba. Shugaba ne yake yanke wace shari'a za a bi da wadda za a ajiye, tunda ma'aikata kaɗan ne kuma bincike ɗaya kan ci shekaru, alhali kamfanonin da ake tuhuma suna iya ɗaukar lauyoyin da suka fi tawagar yawa.

Haka kuma shi ne yake auna gaskiyar mai kawo rahoto. A shari'ar sinadarin lysine da ake sa wa abincin dabbobi, wani babban jami'in kamfanin ADM, Mark Whitacre, ya yi shekaru yana naɗar tarurrukan sirri wa hukumar FBI, aka ci kamfanin tarar dala miliyan 100 a 1996. Daga baya aka gano shi kansa yana satar kuɗin kamfanin, har aka ɗaure shi. Faya-fayan da aka naɗa ne suka riƙe shari'ar, ba bakinsa ba.

Yaya ake kai samame?

Ana kai shi da safe ba tare da sanarwa ba, a ofisoshi da dama a lokaci guda, domin kada wani ya buga wa wani waya a goge saƙonni. Dole a tsaya iyakar abin da takardar izini ta ambata, a kuma kauce wa wasiƙun da ke tsakanin kamfani da lauyansa, don kuskure ɗaya zai iya sa kotu ta yi watsi da hujjojin. Idan aiki bai ƙare ba akan manna hatimi a ƙofa. Kamfanin makamashi na Jamus, E.ON, ya biya Yuro miliyan 38 a 2008 saboda an tarar da irin wannan hatimi a karye.

Ina Najeriya ta tsaya?

Najeriya ta makara. Sai a farkon 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ta kafa hukumar kula da gasa da kare masu saye (FCCPC) da kotu ta musamman mai sauraron ƙorafi kan hukunce-hukuncenta. Babatunde Irukera ne ya fara jagorantar hukumar. A Janairun 2021 jami'anta suka binciki ofisoshin kamfanin taba sigari na British American Tobacco da izinin kotu, kuma a Disambar 2023 ta sanar da cewa kamfanin ya amince da biyan dala miliyan 110 kan zargin take dokokin gasa da wasu dokoki. Wahalar da ke gabanta daban take da ta Turai, domin ciniki mai yawa a nan ba ya barin takarda, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa da dama sun saba tsayar wa mambobinsu farashi a fili, ba tare da sun ɗauki hakan laifi ba. Saboda haka wanda ke jagorantar bincike a nan sai ya haɗa wayar da kai da gurfanarwa, ya kuma fara da manyan kamfanonin da hujja a kansu take a rubuce.