Idan ƙaramar hukuma ta miƙa kasuwa ko shara ga kamfani: tambayoyi da amsoshi

Wane irin aiki ƙaramar hukuma take haɗa gwiwa da kamfani a kai?

Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, bandakunan jama'a, makabartu da kwashe shara. Kamfanoni sun fi rububin inda kuɗi ke shigowa kullum, wato kasuwa da tasha. Makabarta kuwa ba mai nema.

Ina bambancinsa da kwangila?

A kwangila, hukuma ce ke biya, ɗan kwangila ya gama ya kama gabansa. A haɗin gwiwa, kamfani ne ke zuba jarinsa. Ya gina shaguna, ya karɓi haya na shekarun da aka yi yarjejeniya, sannan ya mayar wa hukuma kayanta. Tunda ribarsa tana rataye da aikin, bai kamata ya bari rufi ya yi yoyo ba. Amfanin tsarin ke nan idan an yi shi da gaskiya.

To a ina matsalar take?

A takardar yarjejeniya, wadda sau da yawa ba wanda ya taɓa ganinta sai shugaban ƙaramar hukuma da mai kamfani. A ɗauki mai sayar da kayan miya da ta shekara ashirin a rumfarta ta kwano. An rushe layin, an gina shaguna masu ƙofar ƙarfe, an sa haya da ta fi ƙarfin jarinta gaba ɗaya. Sai ta koma bakin titi da faranti, jami'ai kuma su riƙa korarta. Kasuwa ta yi kyau a hoto, amma masu ita sun fita. A ganina, duk yarjejeniyar da ba ta fayyace inda tsofaffin 'yan kasuwa za su zauna da nawa za su biya ba, bai dace a sa mata hannu ba.

Shara ma haka take. Kamfani zai fi son unguwar da ake biyan kuɗin wata, ya manta da lungunan da mota ba ta shiga, alhali can kwata ke toshewa da damina. Sai an rubuta unguwannin da suna, tare da tarar da za a ci shi idan ya tsallake su.

Ana iya karɓe aikin idan bai yi daɗi ba?

Ana iya. Birnin Paris ya ba kamfanoni biyu rabon ruwan sha a 1985. Da wa'adi ya cika, a 2010 ya mayar da aikin hannun hukumarsa, Eau de Paris, kuma a 2011 aka rage farashi da kashi 8 cikin ɗari. Abin lura, birnin yana da injiniyoyi da akantoci da suka san aikin. Ƙaramar hukumar da ba ta da ko ma'aikaci ɗaya mai iya binciken littafin kamfani, da wuya ta iya ja da shi.

Hukuncin Kotun Ƙolin Najeriya na 2024 ya shafi wannan?

Ya shafa. A ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta ce a riƙa tura kason kuɗin ƙananan hukumomi daga asusun tarayya zuwa asusunsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Idan hakan ya tabbata a aikace, shugabanni za su sami ƙarfin ƙulla irin waɗannan yarjejeniyoyi da kansu, kuma ba sauran fakewa da gwamna. Kansilolin mazaɓu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su nemi a liƙa takardar a sakatariya, da Hausa, kafin a kafa tubalin farko.