Musulunci ya riga Malcolm X zuwa Amurka

Mutane da yawa sun ɗauka Musulunci ya shiga Amurka ne a ƙarni na 20, ta hannun ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata Malcolm X da ɗan dambe Muhammad Ali ko baƙi daga ƙasashen Larabawa. Ba haka abin yake ba. Tun kafin ƙasar ta ayyana 'yancinta a 1776 akwai Musulmi a cikinta, 'yan Afirka ta Yamma da aka kai can a ɗaure.

Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatani daga Bundu, a ƙasar Senegal ta yanzu, ya yi bauta a Maryland. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ce ta zama sanadin 'yancinsa, ya koma gida a 1734.

Labarin Omar ibn Said ya fi taɓa zuciya. Malami ne daga Futa Toro, a yankin kogin Senegal, aka sayar da shi a Charleston a 1807. Ya gudu, aka kama shi aka kulle a Fayetteville, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku, mutanen gari suna zuwa kallo. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya buɗe shi da Suratul Mulk, surar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. Mutumin da doka ta mai da shi dukiyar wani ne ya zaɓi ya fara da wannan sura, kuma a ganina ba a banza ya yi ba. Ya rasu yana bawa.

Abin da ya binne wannan tarihi shi ne raba iyaye da 'ya'yansu a kasuwar bayi da hana bayi karatu a jihohi da dama, don haka addinin bai kai ga jikoki ba.