Dunduniya ba ita ce matsalar ba

An daɗe ana cewa gwanar gudu ba ta sauka da dunduniya, wai sai da gaban tafin ƙafa. Maganar ba ta da tushe mai ƙarfi. A gudun fanfalaki na gasar duniya da aka yi a Landan a 2017, masu bincike sun ɗauki bidiyon 'yan tsere, suka tarar galibinsu, maza da mata, da dunduniya suke sauka.

To balle a tirayatlon, inda mace ke ninƙayar kilomita 1.5, ta tuƙa keke kilomita 40, sannan ta ruga kilomita 10. Tsarin ke nan da Cassandre Beaugrand ta Faransa ta ci zinare da shi a gasar Olympics ta Paris a 2024. Ana sauka daga keke cinyoyi sun yi nauyi, ƙugu ya ɗaure saboda dogon sunkuyo. Abin da ke cin ƙarfi a nan shi ne jefa ƙafa can gaba, gwiwa a miƙe, kowane taku ya zama birki. Ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki, gwiwa a ɗan lanƙwashe, shi ne abin dubawa.

Wadda kuwa ta tilasta wa kanta sauka da yatsu dare ɗaya, nauyin sai ya koma kan sha-raɓa da agara, ciwo ya biyo baya.