Tallafin jinƙai ga masu jinyar sankarar mama

Tallafin jinƙai ga masu jinyar sankarar mama shi ne duk taimakon da ƙungiyoyin sa-kai da gidauniyoyi da ɗaiɗaikun mutane ke bayarwa ga wanda ke karɓar maganin wannan cuta, ban da aikin da likita ke yi. Ya haɗa da ƙunshin kayan jinya, da kuɗin magani ko na mota, da masauki kusa da asibiti, da kuma ziyarar matan da suka taɓa yin ciwon suka warke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an gano cutar a jikin mata kimanin miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kimanin 670,000. Maza ma suna kamuwa, amma ba su wuce ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba.

Asali da tarihi

Yawancin masu bin tarihin wannan aiki suna mayar da farkonsa ga Terese Lasser, wata mata a birnin New York na Amurka, wadda aka yi wa tiyatar cire mama a 1952. A wancan zamani tiyatar da likitoci suka fi yi ita ce irin wadda William Halsted ya yaɗa tun ƙarshen ƙarni na 19, inda ake cire maman gaba ɗaya tare da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Mace takan farka daga barcin tiyata ta tarar an gama komai, hannunta ya yi nauyi ba ya ɗaguwa, kuma babu mai yi mata bayanin yadda za ta motsa shi, ko abin da za ta sa a ƙirjinta, ko abin da za ta faɗa wa mijinta da 'ya'yanta. Ba a ma cika ambaton sunan cutar a bainar jama'a ba.

Wannan shirun ne ya sa Lasser ta fara bin asibitoci tana duba matan da aka yi wa aiki, ta kuma kafa shirin Reach to Recovery a tsakanin 1952 da 1954, domin majiyoyi sun sha bamban a kan shekarar. Takan je da ɗan ƙunshi mai ɗauke da ƙwallo da igiya na motsa hannu, da maman wucin gadi, da ɗan littafin bayani, har da wasiƙa zuwa ga mijin marar lafiya. Wasu likitocin tiyata ba su so hakan ba, suna ganin shiga hurumi ne, kuma an ruwaito cewa an sha fitar da ita daga asibiti. Duk da haka shirin ya bunƙasa, har ƙungiyar American Cancer Society ta karɓe shi a 1969, daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Abin da ya fi muhimmanci a tsarinta shi ne mai kawo ƙunshin, wato macen da ta sha irin wannan wahala ta kuma miƙe, tana tafiya da ƙafarta, tana ɗaga hannunta a gaban wadda ke kwance.

A Birtaniya, Betty Westgate ta kafa Mastectomy Association a 1973 bayan nata ciwon. Ƙungiyar ta koma Breast Cancer Care, sannan ta haɗe da Breast Cancer Now a 2019. A 1989 aka fara shirin Look Good Feel Better a Amurka, wanda ke koya wa mata kula da fata da ɗaurin kai a lokacin da magani ke zubar da suma.

Ware watan Oktoba domin wayar da kai ya fara ne a 1985. Shi kuwa zirin ƙyalle mai ruwan hoda da ake maƙalawa a riga a matsayin alamar yaƙi da cutar, tushensa na komawa ga Charlotte Haley ta jihar California, wadda a farkon shekarun 1990 take raba ƙyallaye masu wani launi daban tare da kati mai kukan cewa kashi 5 cikin 100 kacal na kasafin cibiyar binciken sankara ta ƙasar ake kashewa a kan rigakafi. Da ta ƙi yarda a yi kasuwanci da alamarta, sai mujallar Self da kamfanin Estée Lauder suka ɗauki ruwan hoda a 1992. Gidauniyar Susan G. Komen ma ta raba irinsa a wani tsere a New York a 1991.

Abin da ƙunshin ke ɗauke da shi

Kayan suna bin matakin jinya. Bayan tiyata akan ba da riga mai buɗewa ta gaba, da 'yar jaka ta rataya robar da ke tsiyayar da ruwa daga wurin aiki, da ƙaramin matashi mai siffar zuciya da ake cusawa a hammata domin rage danna ɗinki. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Denmark, Nancy Friis-Jensen, ita ce ta yaɗa wannan matashi a Turai a wajajen 2006 bayan ta gan shi a Amurka. Akwai kuma maman da ake saƙawa da zaren auduga, wanda masu sa-kai ke rabawa kyauta, ya fi na roba sauƙin nauyi kuma ba ya tara gumi.

A lokacin shan maganin kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, wanda ke kawo tashin zuciya da gyambon baki da zubewar suma, akan sa buroshi mai laushi, da man leɓe, da alewar citta, da ɗankwali ko hula. Masu zuwa gashin na'ura, wato ƙona sankarar da haske mai ƙarfi, kuwa akan ba su man shafawa marar ƙamshi. Likitoci na gargaɗi a kan saka magungunan ƙarin ƙarfi ko na gargajiya a cikin ƙunshi ba da saninsu ba, saboda wasu suna karo da maganin asibiti.

A Afirka ta Yamma

A Nijeriya, inda aka ƙiyasta sababbin masu cutar kimanin 32,000 a 2022, mafi yawan mata kan isa asibiti bayan ciwon ya yi nisa, kuma galibi daga aljihu ake biyan magani. Saboda haka tallafi ya fi karkata ga kuɗin allura, da na gwaji, da na mota zuwa 'yan cibiyoyin da ke da na'urar gashi, fiye da kayan kwantar da hankali. Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ta yi ciwon ta warke, ta kafa ƙungiyar yaƙi da sankarar mama ta BRECAN a Ibadan a 1997. Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta kafa Medicaid Cancer Foundation, wadda ke gwaji kyauta da taimakon marasa ƙarfi, yayin da Project PINK BLUE ta Abuja ta yi fice wajen yi wa majinyata jagora a cikin asibiti. A wajajen 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate) a asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da na tarayya a Gombe. A ƙasar Hausa babban kaso na nauyin yana kan dangi da maƙwabta, ta hanyar dubiya da karo-karo da zakka, kodayake ɓoye ciwon saboda kunya kan hana taimakon isowa da wuri.

A Ghana, Dakta Beatrice Wiafe Addai ta kafa Breast Care International a Kumasi a 2002. A Nijar an fara gashin na'ura a cibiyar yaƙi da sankara ta Yamai a 2021.

Suka

Ƙungiyar Breast Cancer Action ta fara gangami a 2002 tana zargin wasu kamfanoni da cin riba da alamar ruwan hoda alhali abin da suke bayarwa kaɗan ne. Masu kare kamfanonin suna nuni da kuɗin da aka tara domin bincike. Wasu majinyata kuma, musamman waɗanda ciwonsu ya bazu a jiki, suna ganin kayan kwalliya da kalaman fara'a ba su dace da halin da suke ciki ba.